Ayarin Babura Zuwa Bangon Sunaye

Kowace shekara in watan Mayu ya raba tsakiya, wani ayari yakan tashi daga garin Ontario na Jihar Kalifoniya, can yammacin Amurka, ya sa gabas a gaba. Ayarin babura ne manya-manya, ɗaruruwa, kuma da yawa daga cikin mahayan dattawa ne masu furfura, 'yan mazan jiya waɗanda suka yi aikin soja a zamanin yaƙin Biyetnam. Kwana 10 sukan yi a hanya, su keta hamada da duwatsu da filayen alkama, tafiyar da ta tasam ma mil 3,000, kafin su sauka birnin Washinton. Abin da ke kai su kuwa wani bango ne na baƙin dutse, wanda aka sassaƙa sunayen mutum fiye da 58,000 a jikinsa, watau sojojin Amurka da suka mutu ko suka ɓace a wannan yaƙi. Sunan tafiyar a bakinsu Run for the Wall, ma'ana sukuwa zuwa bango.

A cikin ayarin akwai sojan ƙasa, akwai na sama, akwai kuma mayaƙan ruwa. Labarin waɗannan na ƙarshe shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, gama su ne zumuntarsu ta fi wuyar riƙo. Sojan ƙasa in ya tsufa, ya tara 'yan kuɗinsa, yana iya komawa inda aka gwabza, ya tsaya bisa tudun da abokinsa ya faɗi, ko da an mai da wurin gonar shinkafa. Tun da Amurka da Biyetnam suka ƙulla hulɗar jakadanci cikin 1995 mutane da yawa sun yi haka. Amma sojan ruwa ina zai koma? Teku ba ta ajiye alama. Jirgin da ya zauna a ciki shekara biyu ko uku, wanda shi ne barikinsa, shi ne unguwarsu, shi ne kuma filin dagarsa, galibi an riga an yanyanka shi an sayar wa maƙera. Babban jirgin nan mai ɗaukar jiragen sama, Forrestal, cikin 2013 aka miƙa shi ga kamfanin da zai farfasa shi a kan senti 1 tak, aka ja shi zuwa Brownsville ta Jihar Teksas. Ɗan'uwansa Oriskany kuwa da gangan aka nutsar da shi kusa da gaɓar Fulorida cikin 2006, don kifaye su sami mazauni.

Waɗannan jirage biyu ba don banza aka ambace su ba. Ran 26 ga Oktoba 1966 wuta ta tashi cikin Oriskany yana bakin aiki a tekun Biyetnam, mutum 44 suka halaka. Ran 29 ga Yuli 1967 kuma wata roka ta suɓuce daga jikin wani jirgin sama da ke tsaye bisa Forrestal, ta bugi wani, mai ya malale, bama-bamai suka yi ta fashewa, mutum 134 suka mutu. Daga cikin matuƙan da suka tsira da ƙyar a ranar har da John McCain, wanda daga baya ya zama ɗan Majalisar Dattijai, ya kuma nemi shugabancin ƙasa cikin 2008. Mutanen da suka ja mesar ruwa tare a cikin hayaƙin nan, suka ɗauki gawawwakin waɗanda suka ci abincin safe da su, wani abu ya ɗaure su wanda ko matansu na aure ba su san iyakarsa ba.

Ko babu gobara ma, zaman jirgin yaƙi zama ne da ke cuɗa mutane cuɗawar da ba a samu a tudu. Gadaje hawa uku ne, wani bisa wani, hancin na ƙasa ya kusa taɓa katifar na sama. Ana karɓa-karɓar gadi dare da rana. Babu inda mutum zai kauce wa wanda ba ya so, babu kuma sirrin da ke kwana biyu. Yaron da ya fito daga gonar masara ta Nebraska da wanda ya tashi a lungunan Niyok sai su wayi gari sun san sunan budurwar juna, da bashin da ke kan uban juna, da irin minsharin juna. Sa'an nan ranar sallama ta zo, kowa ya saɓa jakarsa ya sauka shi kaɗai, domin ba rana ɗaya wa'adinsu ke cika ba. A yi musayar adireshi, a yi wasiƙa ɗaya ko biyu, daga nan sai aure da aiki da ƙaura su haɗiye kowa. Ƙasar kuwa faɗi gare ta, tsakanin gidan wani da na wani sai a yi kwana uku a mota.

Bugu da ƙari, ba tarbar arziki suka samu ba da suka komo. Yaƙin ya riga ya fita daga ran jama'ar Amurka, ana ta zanga-zanga a jami'o'i, kuma da yawa daga cikin samarin suka ga abin da ya fi musu sauƙi shi ne su ninke kakinsu su sa a akwati, su ja bakinsu su yi shiru. An sa hannu a yarjejeniyar Faris ran 27 ga Janairu 1973, birnin Saigon ya faɗi ran 30 ga Afrilu 1975, babu wanda ya buga musu tambari. Sai ran 13 ga Nuwamba 1982 aka buɗe bangon sunayen, shi ma ba da kuɗin gwamnati aka gina shi ba, gudummawa aka tara bisa jagorancin wani tsohon soja, Jan Scruggs. Wata ɗaliba 'yar shekara 21 daga Jami'ar Yale, Maya Lin, ita ta zana fasalinsa, kuma abin da ta yi wanda ya jawo surutu a lokacin amma ya zama ƙarfin wurin shi ne, ba ta jera sunayen bisa girman muƙami ko bisa haruffa ba. Bisa ranar mutuwa aka jera su. Saboda haka mutanen da suka mutu tare suna nan tare. Wanda ya yi aiki a Forrestal in ya je, a wuri ɗaya zai tarad da abokansa, kamar an kira fareti.

Ita tafiyar babura cikin 1989 ta soma. Wasu 'yan mazan jiya biyu, James Gregory da Bill Evans, su suka kira ta, suka tashi daga San Diyego da babura ɗari da 'yan kai. Yawancinsu rakiya suka yi suka juya, 'yan kaɗan ne suka kai Washinton. Nufinsu shi ne su ta da maganar sojojin da suka ɓace a yaƙin ba a san makomarsu ba, su yi ta faɗa a kowane gari har hukuma ta ji. Shekara ɗaya kafin wannan, cikin 1988, wasu sun riga sun soma wani gangamin babura a cikin birnin Washinton kansa, mai suna Rolling Thunder, wanda aka fara da babura wajen 2,500, ya yi ta bunƙasa har birnin ya riƙa cika maƙil, kafin masu shirya shi su rufe shi cikin 2019 saboda tsada da wahalar shiri, wata ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ɗauka da sabon suna. Amma wannan taron yini guda ne. Na su Gregory tafiya ce, ita kuwa tafiya tana da abin da take yi wa mutum wanda taro ba ya yi.

Me ya sa babur? Dangantakar sojan Amurka da babur tsohuwa ce. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Harley-Davidson ya ƙera wa soja dubban babura, da aka gama yaƙi aka yi gwanjonsu da araha, samarin da suka komo da zafin jini suka saya, suka kakkafa ƙungiyoyi, musamman a Kalifoniya. Ban da tarihi kuma akwai abin da ya fi shi kusa. Mutumin da ke kan babur yana tare da jama'a, amma shi kaɗai ne cikin hularsa. Ba mai tambayarsa kome, ƙarar inji ta rufe kowace magana, in hawaye ya zo iska ta shanye. Ga dattijon da ya yi shekara 30 ko 40 bai buɗe baki ya ba da labarin abin da ya gani ba, wannan ita ce irin zumuntar da zai iya ɗauka da fari. Magana sai an sauka zango, ita ma kaɗan-kaɗan.

Tsarin ayarin tsarin soja ne sak, ko da yake wanda ya san fatauci zai ga kamar ya san shi. Akwai madugu ga kowace hanya, gama yanzu hanyoyin sun yawaita, akwai ta tsakiya, akwai ta kudu, akwai wata a tsakaninsu. An kasa mahaya rukuni-rukuni, kowane rukuni da shugabansa a gaba da mai kula da wutsiya a baya. Akwai masu tsare mararraba, akwai waɗanda ke riga kowa isa gidan mai su tsaya a bakin famfo, har a shayar da ɗaruruwan babura cikin ɗan lokaci ba tare da kowa ya sauka ba. Limamansu na Kirista suna tafe tare da su, motoci masu tirela kuma suna biye don kwasar babur ɗin da ya mace. A can gaban ayarin kuwa akan jera babura a bar gurbi ɗaya babu kowa, gurbin wanda bai komo ba ke nan, kuma a kowane zango akan ba wani damar ya hau kusa da gurbin don tunawa da nasa mamacin. Wanda ya zo karon farko akan maƙala masa alama a ƙirji, duk wanda ya gan shi ya rungume shi ya ce masa barka da komowa gida, kalmar da ba a faɗa masa ba a 1969. In ya kai Washinton sai a juya alamar a kife, shaidar ya cika.

Hanyar tsakiya ita ce ta asali, ita ce kuma mai labari. Daga Kalifoniya sai a faɗa hamadar Mojave, inda zafi ke tashi daga kwalta kamar bakin tanderu. A ratsa Arizona a shiga Sabuwar Meziko, a sauka Gallup, inda Indiyawan daji, musamman Nabaho, mutanen da suka ba da 'ya'yansu ga aikin soja fiye da kima, kan tarbe su da ganguna da rawar mayaƙa. Daga nan a hau duwatsu zuwa Angel Fire, wurin da wani dattijo, Dokta Victor Westphall, ya gina ɗan ɗakin ibada don tunawa da ɗansa David wanda aka kashe cikin 1968. An buɗe shi cikin 1971, ana tsakiyar yaƙi, shekara 11 kafin ƙasar ta yi nata bangon. A waɗannan duwatsu mutumin da rana ta gasa shekaranjiya yana iya cin karo da ƙanƙara. Sa'an nan Kolorado, sa'an nan shimfiɗaɗɗen filin Kansas da iskarsa mai ture babur, da Misuri, da Indiyana, da Kentaki. A bisa gadojin da suka haye babbar hanya mutanen ƙauyuka kan tsaya da tutoci, ƙungiyoyin gari su dafa abinci, wani lokaci ma a biya musu kuɗin mai. Sukan kuma ratse asibitocin tsofaffin sojoji su gai da waɗanda ba su iya tashi.

Zangon da suka fi ƙauna wani ɗan gari ne cikin duwatsun Bajiniya ta Yamma, Rainelle. A tafiyar farko ayarin ya kauce wa babbar hanyar da ake biyan kuɗin wucewa, ya bi tsohuwar hanya mai kwana-kwana, sai ga shi a wannan gari, 'yan makaranta suka fito bakin titi suna ɗaga musu hannu. Tun daga ranar ba su daina tsayawa can ba, kowace shekara kuma sukan tara kuɗi su ba makarantar. Yaran da suka tarbe su a 1989 yanzu su ne iyayen masu tarbar.

To, a cikin wannan tafiya ta yaya abokan jirgi ke gamuwa? Ba dole ne mutum ya taso tun daga Kalifoniya ba, kowa na iya shiga a garin da ya fi kusa da shi, ya yi yini ɗaya ko ya zarce har ƙarshe. Saboda haka waɗanda suka gano juna ta ƙungiyar jirginsu, ko ta intanet a 'yan shekarun nan, sukan yi alkawari, wannan ya taso daga yamma, wancan ya jira shi a Kansas, na uku ya tare su gab da Washinton. Akwai kuma gamuwar da ba a shirya ba. Kowane mahayi yana sanye da 'yar shara ta fata wadda aka ɗinke da tambura, mayaƙin ruwa kuwa ba ya rasa sunan jirginsa da lambarsa a jikinta ko a goshin hularsa. Fuska ta sāke, ciki ya fito, gashi ya zube, amma lambar jirgi ba ta tsufa. A layin shan mai ko na karɓar abinci wani ya hangi lambar ya matso, tambaya ta farko wace shekara, ta biyu wane sashe. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, waɗannan dai a kan taya suka ɗora tasu.

Kada mai karatu ya ɗauka abin duk na hawaye da rungume-rungume ne. Gano tsohon abokin jirgi yana da amfanin da ya shafi asibiti da aljihu. A lokacin yaƙin sojan Amurka sun yi ta fesa wani maganin kashe itatuwa da ake kira Agent Orange a kan dazuzzukan Biyetnam, daga baya aka gane yana da dafin da ke jawo ciwon daji da wasu cututtuka. Cikin 1991 aka yi dokar biyan diyya ga sojojin da abin ya taɓa, amma daga 2002 hukumar tsofaffin sojoji ta ce sai wanda ya taka ƙasar Biyetnam ko ya shiga kogunanta. Mayaƙan da ke kan teku suka ce ai su ma ruwan gaɓar suke tacewa su sha, su yi wanka, su yi girki, wani bincike da aka yi a Ostareliya kuma ya nuna irin wannan tacewar ba ta fid da dafin, tattara shi ma take yi. Shekara 17 ana wannan ja-in-ja, sai cikin 2019 kotu ta ba su gaskiya, Majalisa kuma ta yi doka wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2020, ta haɗa da duk wanda jirginsa ya shiga cikin mil 12 na teku daga gaɓar. A irin wannan nema, da ma sauran neman diyyar rauni, takardar shaida daga wanda aka yi aiki tare da shi tana da nauyi. Wanda zai ce i, ina wurin ranar da ya faɗo daga tsani, ko kuwa ni na ga lokacin da aka aike shi tudu, ya fi ɗan'uwa na jini amfani a ranar. Da yawa ba su ga ƙarshen shari'ar ba, ciwon ya riga kotu yanke hukunci.

Akwai kuma wasu mayaƙan ruwa waɗanda in sun isa bangon babu abin da za su shafa. Waɗannan su ne mutanen jirgin Frank E. Evans, kuma sunan ne kawai ya zo ɗaya da na Bill Evans mai ayari, babu dangantaka. Ƙaramin jirgin yaƙi ne mai sauri, mazauninsa Long Beach ta Kalifoniya. Cikin watan Mayu 1969 yana gaɓar Biyetnam yana harba igwa don taimakon sojan ƙasa, sai aka janye shi zuwa wani atisaye na ƙasashen ƙawance a Tekun Kudancin Sin, da nufin in an gama ya koma bakin aikinsa. Ran 3 ga Yuni, wajen ƙarfe 3 na dare, aka umarce shi ya koma bayan babban jirgin Ostareliya mai ɗaukar jiragen sama, Melbourne, ya tsaya a matsayin mai ceto ko da wani jirgin sama zai faɗa ruwa. Kyaftin ɗinsa yana barci, ƙananan hafsoshi biyu ke riƙe da jirgin. Maimakon su juya su nisanci babban jirgin su zagayo ta bayansa, sai suka juya suka gitta ta gabansa. Melbourne ya sare shi gida biyu. Rabin gaba ya nutse cikin 'yan mintoci da mutanen da ke barci a ciki, rabin baya ya tsaya a kan ruwa, mutanen Melbourne suka ɗaure shi a jikin jirginsu, suka sauke kwale-kwale, wasu ma suka yi tsalle cikin teku suna tsamo mutane. Mutum 199 suka tsira, 74 suka tafi, gawa ɗaya tak aka samu.

A cikin 74 ɗin akwai 'yan'uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya, Gary da Gregory da Kelly Sage, daga wani ƙauye mai suna Niobrara a Nebraska, waɗanda su da kansu suka roƙa a haɗa su jirgi ɗaya. Akwai kuma wani babban saje na ruwa, Lawrence Reilly, da ke aiki tare da ɗansa mai sunansa. Uban ya fita, ɗan bai fita ba. An gurfanar da kyaftin ɗin Evans gaban kotun soja aka same shi da sakaci. Na Melbourne, John Stevenson, shi ma an gurfanar da shi, aka wanke shi sarai, amma abin ya kashe masa aiki, sai cikin 2012 gwamnatin Ostareliya ta rubuta masa takardar ban haƙuri. Jirgin nasa dai da ma yana da tabo, gama cikin 1964 ya taɓa sare wani jirgin ƙasarsu, Voyager, mutum 82 suka mutu.

Da aka buɗe bango a 1982 iyalan waɗannan mutane suka je neman sunayen 'ya'yansu, ba su gani ba. Ma'aikatar Tsaro ta ce haɗarin ya auku ne a wajen iyakar da aka shata a taswira a matsayin fagen yaƙi, kuma atisaye suke yi, ba yaƙi ba. Har yau a kan wannan magana take. Waɗanda suka tsira sun kafa ƙungiya, suna taruwa shekara-shekara, har mutanen Melbourne kan tsallako teku su zo, wanda ya sare ka da wanda ya tsamo ka ga shi mutum ɗaya ne. Sun yi ta kai kuka Majalisa, 'yan majalisa na jam'iyyun biyu sun sha gabatar da ƙuduri, wani lokaci ya wuce a Majalisar Wakilai ya maƙale a gaba. Hukumar da ke kula da bangon ita ma ta ce babu filin da za a cusa sunaye 74 a gurbinsu na ranar mutuwa.

Hujjar hukuma ba ta rasa tushe ba. Dole a shata iyaka a wani wuri, in kuwa aka buɗe ƙofa ga waɗannan, akwai wasu da yawa da suka mutu a hanyar zuwa ko ta komowa waɗanda su ma iyalansu za su taso. Amma hujjar ta yi rauni a wuri biyu. Na ɗaya, an taɓa buɗe ƙofar, gama sunayen sojojin da suka mutu a haɗarin jirgin sama a Hong Kong, suna komowa daga hutu, suna jikin bangon. Na biyu, ba abin da ya kai Evans wannan teku sai yaƙin, daga bakin igwa aka ɗauko shi, can kuma zai koma. Layin da aka ja a taswira don lissafin alawus da haraji ba shi ya kamata ya yanke wa uwar da ta rasa 'ya'ya uku a dare ɗaya hukunci ba. Maganar rashin fili kuwa, ƙasar da ta sauke mutum a kan wata wata guda da rabi bayan wannan haɗari ba za a ce dabarar sassaƙa dutse ta gagare ta ba.

Shi kansa ayarin ba a rasa abin faɗa a kansa. An kafa shi ne a kan zaton cewa akwai fursunonin Amurka da aka bari da rai a hannun Biyetnam bayan an sako 591 cikin 1973. Kwamitin Majalisar Dattijai wanda John Kerry ya shugabanta, McCain kuma yana ciki, ya bincika, ya ba da rahoto cikin Janairu 1993 cewa bai sami ƙwaƙƙwarar shaidar akwai wani da ya rage da rai ba. Wasu cikin mahayan har gobe ba su yarda ba. Abin da ba a musu shi ne matsin da suka yi ya taimaka hukuma ba ta daina tono da gwajin ƙasusuwa ba, ko da yake fiye da mutum 1,500 har yanzu ba a gano su ba. Sai dai kuma duk wanda ya tsaya gaban sunaye 58,000 ya kamata ya san cewa gwamnatin Biyetnam ta ce nata mayaƙan da suka mutu sun kai 1,100,000, farar hula kuma wajen 2,000,000, waɗanda suka ɓace mata kuwa dubbai ne barkatai. Da za a yi musu bango irin wannan, da ba a san inda zai tsaya ba. Wasu daga cikin tsofaffin sojojin Amurka sun gane haka, har sukan mai da taswira da 'yan kayan da suka kwaso daga jikin gawawwaki, don a taimaka wa iyalan can su gano kaburburan nasu.

Ranar da ayarin ya isa, ana gab da hutun tunawa da matattun sojoji wanda ke faɗowa Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, sukan taru a matakalar ginin tunawa da Lincoln a ɗauki hoto, sa'an nan su gangara zuwa bangon a ƙasa. Dutsen a goge yake ƙwarai, mai neman suna sai ya ga fuskarsa ta tsufa a bayan sunan yaron da bai wuce shekara 19 ba. Akan ɗora takarda a kan sunan a goga fensir ya fito. Akan bar wasiƙu, da lambobin yabo, da takalma, da kwalin taba, ma'aikata kuma su kwashe su adana, har abin da aka tara ya haura 400,000. Cikin 1995 wasu 'yan mazan jiya daga Jihar Wiskonsin suka bar babur sukutum, Harley-Davidson da suka haɗa da hannunsu, don mutum 37 na jiharsu da suka ɓace, da sharaɗin kada kowa ya hau shi.

Shekaru dai sun ja. Yaron da ya shiga jirgi yana ɗan shekara 18 a 1969 yanzu ya ba 70 baya. Da yawa sun koma babur mai ƙafa uku saboda gwiwa, wasu suna bin ayarin a mota, waɗanda suka yi yaƙin Iraƙi da Afganistan kuma su ne ke karɓar ragamar, har an ƙara wata hanya daga Washinton zuwa bangon nasu matattun a Marseilles ta Jihar Ilinoi. Cikin 2020 annobar korona ta hana tafiyar. Mutanen Evans kuwa da suka ga jiran ya yi tsawo sai suka shiga bin jihohin da mamatansu suka fito ɗaya bayan ɗaya, suna kafa ɗan dutse da sunayen 'yan wannan jiha a jiki, da kuɗin aljihunsu. Lawrence Reilly, uban da ya fita ya bar ɗansa, ya yi shekaru yana kai da komowa a kan maganar. Ya rasu cikin 2018, yana da shekara fiye da 90, sunan ɗan bai hau bangon ba.